Inda Na Ɓoye Fasfon Chebo

Pueblo, Colorado
Talata, 17 ga Satumba, 2019

Zuwa ga Yaya Otilia,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Fidencio da yara da jikoki. Yaya jikin Mama? Allah Ya sassauta mata, Ya ba ta barci mai daɗi, ke kuma Ya ƙara miki ƙarfin jinya, don na san wata biyu ke nan gadonki bai san nauyinki ba. Mu a nan muna lafiya gwargwado. Cikin 'yarmu Noemi ya shiga wata bakwai, likita ta ce sai tsakiyar Nuwamba, kuma mace ce. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗin mijinta take sawa, ga masifa kamar ta ari baki, wai duk ni ta gado. Lokacin gasa barkono ya zo, ko'ina ka bi a gari ƙamshinsa ne, amma bana ban sayi ko buhu ɗaya ba. Ƙaninki Chebo, maigidana, yana nan, bayan nasa yau da sauƙi gobe babu.

Yaya, ranar Lahadi kin faɗa mini magana a waya, kika kashe kafin in buɗe baki. Kin ce 'yar boko ta ɗaure miki ƙani a ƙafar gado, uwar da ta haife shi tana kwance idonta a ƙofa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don takarda ba a kashe ta a tsakiyar magana. Ba zan yi miki musu ba, rabin abin da kika faɗa gaskiya ne: ni na ɗauke fasfon Chebo na ɓoye, yau kwana sittin da ɗaya. Amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya hana shi zuwa shi ne in ya taka ƙafa ya fita daga ƙasar nan, mai yiwuwa ba za a sake barinsa ya shigo ba. Shi kunya ta hana shi gaya muku dalili. Ni kuwa kunyata ta ƙare tun watan Yuni, saura fushi, don haka ki gyara zama.

Kin san kwalbar Mama, wadda take ajiyewa bayan hoton Budurwa Maryamu, ganyen wiwi jiƙe cikin sifirit har ya yi baƙi, da take shafawa a gwiwa in sanyi ya shiga ƙashinta. Wace tsohuwa ce a ƙauyenmu ba ta da irinta? Kakata ma tana da ita. Na tuna shekarar da sojoji suka bi gida-gida, Mama ta yafa wa kwalbar farin ƙyalle ta kunna kyandir a gabanta, sojan ya cire hula ya wuce. To wannan ganyen na gwiwar tsofaffi, na zauna a ɗakin karatun da nake aiki na bi tarihinsa a ƙasar nan tun daga tushe. A shekarar 1937 gwamnatin tarayya ta fara sa masa takunkumi, kuma in kin ga jaridun wancan zamani sai hawan jini ya kama ki, don da sunanmu aka tsorata mutane, wai mutanen Meziko ne suka shigo da abin da ke haukata 'ya'yan masu mutunci. Aka shekara sittin ana cika gidajen yari da baƙaƙe da irinmu. Sai a 1996 California ta ce marasa lafiya su sha. Jiharmu ta bi sahu bayan shekara huɗu. A 2012 aka kaɗa ƙuri'a a nan cewa duk baligi ya sha abinsa ko lafiyarsa ƙalau, bayan shekara guda da 'yan watanni shaguna suka buɗe, layi har kan titi, wasu da jakar matafiya daga filin jirgi. Yanzu jihohi sama da talatin sun yarda da shi a matsayin magani, goma sha ɗaya sun sake shi gaba ɗaya, Kanada ma bara ta bi. Abin da ya yi shekara saba'in yana shaiɗan ya wayi gari da kanti da fitila da 'yan mata masu cewa sannu da zuwa.

Kada ki ɗauka ina adawa da halattawar. Na ga maƙwabciyata da ciwon daji ya hana ta haɗiyar ko ruwa, ta samu ɗigon man ganyen nan ta cinye faranti guda na wake har da siɗe cokali. Da ina da ƙuri'a a lokacin da na kaɗa musu. Fushina shi ne an share ƙofar gida an yayyafa ruwa, an ce kowa ya shigo, aka bar tsohuwar rijiya buɗe a zaure, kuma masu gidan duk sun san da ita.

Kin san Chebo ya shekara ashirin da biyu yana rufin gidaje kafin bayansa ya ce ya gaji. Da aka kakkafa manyan rumfunan gilashi a bayan gari ana noman ganyen, aka ce ana neman masu hannun noma, aiki a inuwa, babu hawa tsani. Shi da kansa ya ja da baya. Ya ce shi ɗan Mama Casilda ne, ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba, abin da aka daɗe ana ɗaure mutane a kansa ba ya zama tsarkakakke don an sake masa riga. Ni ce na yi masa dariya. Na ce masa tsoho, duniya ta wuce ka kana kan rufi. Na kwaso dokar jiha na karanta ta daga bango zuwa bango, na ja layi da jan biro, na zo na baje masa a kan teburin cin abinci. Ya kalle ni ya ce to, tunda Farfesa ta yi hukunci, wane ne shi, mai aji huɗu, da zai ɗaukaka ƙara. Jiha ta ɗauki hoton yatsunsa, ta bincika ko ya taɓa laifi, ba ta samu ko na gudu da mota ba, ta ba shi katin aiki mai hotonsa da tambarinta, ya riƙa ratayawa a wuya kamar lambar yabo. Shekara huɗu yana ba tsiro ruwa yana rage ganye. Yakan dawo gida da warin abin a jikinsa har Noemi ta sa masa suna Sarkin Ganye, shi kuma ya ce ai gara shi, sarautarsa da takardar gwamnati. Bayansa ya lafa, ya yi ƙiba, yana fito a banɗaki. Ba zan ɓoye miki ba, shekaru ne masu daɗi.

Ni na samu takardar zama 'yar ƙasa shekara uku da suka wuce. Shi yana da katin zama na dindindin tun tuni, amma tsoron jarrabawar Turanci ya sa yake ta noƙe wa neman zama ɗan ƙasa. Ni ce dai na sake tasa shi gaba. Tambayoyi ɗari ne, na rubuta su a ƙananan takardu na manna a firji, a madubi, har a sitiyarin mota. Ranar ganawa da jami'ar shige da fice, a watan Afrilu, na goge masa farar riga, na shirya masa shuɗin fayil da hannuna: takardar aure, takardun haraji, wasiƙar limamin cocinmu, sannan a can sama, inda ido zai fara sauka, na ɗora katin aikinsa, don su ga mutum ne mai neman halak ɗinsa. Ba a bar ni na shiga ba. Ya ba ni labari daga baya cewa jami'ar yarinya ce mai fara'a, kamar sa'ar Noemi. Ta yi masa tambaya shida ya cinye duka, har da wadda ke cewa wace doka ce ta fi kowace doka a ƙasar nan. Sai ta ɗaga katin ta tambaye shi ko yakan taɓa tsiron da hannunsa. Kin san ƙaninki in ya saki jiki. Ya ce mata taɓawa kuma, ai daga safe har yamma tare suke, ya fi sanin halinsu a kan halin matarsa. Ya ƙara da labarin kwalbar Mama da sojan da ya cire hula. Ta yi dariya har da riƙe ciki, tana yi tana bugawa a na'ura, ta fitar da takarda ta ce ya sa hannu cewa abin da ya faɗa ke nan. Ya sa. Ya fito yana rangaji ya ce mini Farfesa, a yanka kaza, ɗalibinki ya ci.

A watan Yuni amsa ta zo. An hana shi, kuma dalilin da suka rubuta shi ne wai ba shi da kyakkyawan hali. Yaya, ki sake karanta wannan layin. Eusebio, wato Chebon naki, wanda ya taɓa komawa kanti tafiyar rabin awa don an manta ba a lissafa masa albasa ba. Eusebio da ke share wa gwauruwar layinmu ƙanƙara kafin ya share tamu. Na ɗauki takardar na tafi wurin wata lauya, na shiga da zafina da dokar jiha a hammata, na fara karanto mata sashe-sashe. Ta bar ni na gama, sannan ta ce uwargida, karatunki babu gyara, sai dai ba littafin ba ke nan. Jiha ta halatta, amma tarayya ba ta taɓa goge nata haramcin ba, har yau ganyen yana jerin miyagun ƙwayoyi a wurinta, kuma zama ɗan ƙasa da shiga da fita duk a hannun tarayya suke. Ɗan ƙasa ya noma ya sayar ya sha, babu ƙasar da za a mayar da shi. Baƙo mai kati kuwa, ko tsintsiya ya riƙe a gonar, a idon tarayya ya sa hannu a fataucin ƙwaya. Ta ce ya bar aikin nan take, ya jira shekara biyar kafin ya sake nema, kuma ko da wasa kada ya ƙetare iyaka, don ranar dawowa takardar nan da ya sa wa hannu tana jiransa a na'ura. Na tambaye ta ko tabbas ne za a hana shi. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, akwai waɗanda suka wuce lafiya, amma da mahaifinta ne ba za ta bari ya gwada ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana. Ni na saƙa ƙuƙumin, sai dai a wuyan wani na sa shi.

Na je na samu mai gonar. Saurayi ne ɗan gata, gashi ɗaure a ƙeya, hotonsa a jaridar gari ana yaba masa ya samar wa mutane aiki. Ya dafe ƙirji ya ce wayyo, ransa ya ɓaci ƙwarai, shi bai taɓa sanin akwai wannan matsala ba, Chebo kamar uba yake a wurinsa. Na ce masa yana da lauya uku da ke karanta masa dokar taki da ta kwali, a cikinsu babu wanda ya taɓa tambayar me zai sami masu ba tsiron ruwa? Sai ya buɗe durowa ya miƙo mini hular hana sallah mai hoton ganye, wai a kai wa Chebo don tunawa. Na ce ya riƙe, rana tana tafe da zai buƙaci abin rufe fuska. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Kakannin irinsa ne suka rubuta cewa mu muka kawo annoba, jikokinsu kuma suka buɗe wa annobar kanti suka ɗauke mu aiki.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a watan Yuli kika kira kika ce Mama ta faɗi. Nan take Chebo ya sauko da jaka daga kan kabad. Da ya shiga wanka na ɗauke fasfon. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba a shekara ashirin da tara. Na ce masa yana da 'ya mai ciki da mata da gida a nan, kuma likitan bayansa a nan yake. Ya ce yana da uwa ɗaya, kuma ba a jira shekara biyar da ita. Na ce in ya tafi aka rufe masa ƙofa, wa zai riƙe jikarsa ranar da za a yi mata baftisma? Ya ce Herlinda, sau biyu na bi karatunki, ki bar ni in bi jahilcina sau ɗaya. Ban ba shi ba. Tun ranar bai sake ɗaga murya ba, bai buɗe ko durowa ɗaya da sunan nema ba. Yana ci, yana gode mini, yana zama a bayan gida yana kallon tumatir. Ya roƙe ni kada Mama ta ji cewa gwamnati ta rubuta a takarda ɗanta ba shi da hali, shi ya sa kullum yake ce muku aiki ne ya riƙe shi, alhali aikin ma babu. To kin ji. Ki zage ni in kin ga dama, amma ki zage ni da sani.

Juma'a, 20 ga wata

Yaya, na ajiye alƙalami ranar Talata da niyyar in rufe da gaisuwa in kai gidan waya. Ban kai ba, ga kuma dalili.

Jiya da la'asar na dawo daga aiki na tarar da shi a kicin, bai ji shigowata ba. Ya jingina wayarsa da gwangwanin sukari a kan tebur, ya ja kujera ya zauna a gabanta, ya tashi ya gyara ta, ya sake zama, yana duba ko fuskarsa tana fitowa sosai. Baƙar rigarsa ta zuwa jana'iza tana rataye a ƙofa, ya goge ta da kansa, har ya ƙona gefen wuyan. Na tambaye shi me yake yi. Ya ce ba komai, gwaji ne kawai, don in ranar ta zo ba ya son ya tsaya neman abin jingina waya ana cikin addu'a.

A kan wannan teburin, a kan wannan kujerar, na zauna shekara goma sha tara da suka wuce ranar da aka binne Innata, lokacin takarduna ba su fito ba. A lokacin babu wayar hoto. Ke ce kika ari wayar mai kantin magani, kika tsaya a bakin coci kika ɗaga ta sama don in ji ƙararrawa, kika bi gawar da ita har maƙabarta, kina gaya mini yanzu an sauke ta, yanzu ana zuba ƙasa. Ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba, don duk sa'ad da na tuna sai in ji kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Na ce wa kowa na haƙura. Ban haƙura ba, Yaya. Kusan duk wannan zafin bakin da kuka san ni da shi, daga ranar ya samo asali. Kuma ga shi ni da hannuna na ja wa mijina kujerar nan na ce zauna.

Na wuce falo na sauko da ƙaton ƙamus ɗina daga kan kanta, na ciro fasfon na ajiye kusa da gwangwanin sukarin. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce ai ya san yana nan tun mako na farko. Wai a duk gidan nan wuri ɗaya ne Farfesa za ta rantse ba zai taɓa leƙawa ba, ya buɗe ya gan shi, ya mayar yadda yake. Na ce to don me bai ɗauka ba, shashasha? Ya ce shi ba ya son ya bar gidansa kamar ɓarawo, in zai fita, da hannun matarsa yake so a buɗe masa ƙofa, ko da ba za a buɗe masa ta dawowa ba. Na zage shi tas, na zagi jiha, na zagi tarayya, na zagi mai gashi a ƙeya, ya bar ni har na gaji, sannan ya ce in na gama in duba masa wuyan rigar nan ko zai gyaru.

Noemi ta zo da safen nan. Ta yi kuka, ta ce mu biyun duk mahaukata ne, sannan ta kama hannun ubanta ta ɗora a cikinta ta riƙe har yarinyar ta motsa. Lauya ta ba shi lambarta a takarda, ta ce ranar dawowa kada ya sa hannu a komai, ko da an ce masa takardar gaisuwa ce. Motar hayar da zai shiga za ta tashi gobe da hantsi ta bi ta El Paso, garin bakin iyaka. Ba zan kai takardar nan gidan waya ba, a aljihun jakarsa zan sa ta a rufe, don haka wanda ya miƙo miki ita kin gan shi.

Ga roƙona. Zai ce muku mako biyu zai yi ya koma, ki bar shi ya faɗa, kada ki nuna kin san komai. Kada Mama ta ji zancen takardar gwamnati, ta tafi da sanin ɗan da ta haifa, don ita ta fi su sanin halinsa. Kada ki bar shi ya ɗaga ta shi kaɗai, bayan nan nasa ba shi da amana, kuma maganinsa yana cikin safa a gefen jaka, zai ce ya sha ko bai sha ba. In kwalbar nan tana nan bayan hoton, ki sauko masa da ita ya shafa wa Mama a gwiwa da hannunsa. Shekara huɗu yana renon ganyen nan don baƙin da bai sani ba, ya yi wa uwarsa sau ɗaya a inda ba mai sa shi sa hannu a takarda. In kuma Nuwamba ta zo yana wancan gefen iyaka, ki tabbata wayarki da caji. Wannan karon ni zan tsaya a bakin ɗakin haihuwa in ɗaga waya sama, ke kuma ki zaunar da shi, ki nemo masa abin jingina ta.

Ki gaishe mini da Mama, ki sumbaci goshinta ki ce mata daga surukarta mai baki. Ina gaida Yaya Fidencio, da Gwaggo Eduviges in har yanzu tana gane mutane, da Anselmo da matarsa Brigida, da yaran gidan gaba ɗaya. Noemi da mijinta suna gaishe ku. In kin je maƙabarta ki tsaya wurin Innata ki cire mata ciyawa, ki gaya mata na aiko da wanda zai tsaya a madadina.

Taki, wadda kika kashe wa waya,
Herlinda